Saiwar gwaiba da ta ƙi nutsewa a tankin kifina

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu.

Na ga rubutun da kuka yi kwanakin baya akan kiwon kifin ado, wato irin wanda ake zubawa a tankin gilashi a ajiye a falo, kuma gaskiya naji daɗi sosai don mu da muke wannan harka kullum kallon marasa aikin yi ake mana, wai kifin da ba za a ci ba meye amfaninsa. To amma akwai abu ɗaya da baku taɓo ba kuma shi ne yafi ƙona ran duk wani sabon shiga, wato icce. A hoton da kuka saka akwai wata saiwa mai rassa kwance a ƙasan ruwa kifaye na ta zagaya ta, duk wanda ya gani zai ce bari nima in samo irinta in jefa a nawa. To jefa ka gani. Tasowa zata yi ta tsaya a saman ruwa tana lilo kamar gora, ka danna ta dawo, ka sake dannawa ta sake dawowa, har sai hannunka ya gaji ita ko a jikinta.

Ni abin ya faru dani ne shiyasa nake magana. Tankina mai ƙafa uku ne, yana cin ruwa kamar lita 160, na zuba yashi na dasa ciyayi komai yayi kyau saura icce. Akwai wata gwaiba a gidanmu na gado da ta bushe tun sama da shekara, aka sare ta aka bar kututturen, sai naje da diga na tono saiwar, wallahi Malam Edita da ka ganta kaima sai ka so ta, ta murɗe ta yi yatsu kamar hannun tsoho. Na wanke ta na saka, ta taso. Na ɗauko wani dutse na ɗora mata na ce to yanzu sai ki tashi in gani. Wajen ƙarfe biyu na dare an ɗauke wuta gari yayi tsit sai naji ƙwal daga falo, na fito da fitilar waya, ashe saiwar ce ta zame daga ƙarƙashin dutsen ta yi sama da ƙarfi ta daki murfi, fitilar tankin ta faɗa ruwa, dutsen kuma ya gangara ya faɗi ƙasa, da ba don yashin da ke shimfiɗe ba da gilashin ƙasa ya tsage lita 160 ta malale akan kafet ɗin uwargida. Ranar ce kaɗai na taɓa godewa Allah da aka ɗauke wuta. Ciyayin da na kwana biyu ina dasawa duk sun tumɓuke suna yawo a sama, ruwa ya dagule, uwargida ta leƙo ta kalle ni ta kalli tankin ta ce Allah ya kyauta ta koma ta kwanta, kuma wannan Allah ya kyauta ɗin yafi zagi ciwo.

Washegari na koma wajen wanda na sayi tankin a hannunsa, ba zan kama suna ba, na faɗa masa. Shawarar da ya bani ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Cewa yayi in samu guntun ƙarfe mai nauyi in buga shi da ƙusa a ƙasan iccen, sannan in shafe iccen da banish, irin wanda kafintoci ke shafa wa katako yayi ƙyalli, wai don kar ya ɓata ruwa. Kuma ba ni kaɗai ya faɗawa haka ba, na san wani abokina da ya bi wannan shawara kifinsa suka bi juna ɗaya bayan ɗaya cikin sati. Garin neman gira an rasa ido kenan. Dan Allah duk mai karanta wannan shafi kar ya yi haka. Banish da fenti suna toshe jikin iccen ne, iskar da muke so ta fita sai ta maƙale a ciki har abada, wato ka yi akasin abinda kake nema, ga kuma sinadaran da zasu riƙa narkewa a ruwan da kifi ke shaƙa dare da rana. Ƙusa kuwa in ta rufin kwano ce an lulluɓe ta da zinki kuma zinki yana cutar da kifi, in baƙar ƙusa ce tsatsa zata cinye ta wata rana iccen ya kuɓuce ka dawo gidan jiya. Jan ƙarfe da tagulla su ma kar su kusanci ruwan, musamman in kana da dodon koɗi ko jatan lande na ado, su ne zasu fara mutuwa.

Abinda ya kamata mutum ya gane shi ne iccen ba lalatacce bane don ya taso. Jikin icce cike yake da ƙananan bututu waɗanda lokacin da bishiya ke raye ruwa ne ke bi ta cikinsu daga saiwa zuwa ganye, da ta bushe sai iska ta maye gurbin ruwan. Iskar ce ke ɗaga shi. Ainihin naman iccen, in ka cire ramukan, yafi ruwa nauyi kusan ninki ɗaya da rabi, kuma wannan kusan haka yake a kowace bishiya, bambancin kawai yawan ramukan ne. Shiyasa kowane icce zai nutse in dai ruwa ya samu ya kori iskar, sai dai wani kwana uku wani wata uku, wani mai kauri ma sai ya haura haka. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon kwalekwale da ya sha ruwa ya kwanta a ƙasan kogi ya ga wannan da idonsa.

Kuma akwai ɗan lissafi da ban yi ba a daren farko, wanda da na yi da ban sha wahala ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In girman iccenka ya kai na lita uku amma nauyinsa kilo biyu ne, to ruwa yana tura shi sama da ƙarfin kilo ɗaya da ya rage. Sai ka ce ai sai in ɗora dutsen kilo ɗaya, a'a, shi ma dutsen ruwa yana rage masa nauyi, dutse irin wanda ake fasawa a yi kankare in ya shiga ruwa sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ya tafi. Wato dutsen da ka ɗauka da hannu kaji yayi nauyi, a cikin tanki ba haka yake ba. Ga kuma santsi, bayan kwana ɗaya biyu jikin icce yana yin yauƙi, duk abinda aka ɗora kawai ba a ɗaure ba to zamewa zai yi.

Sai na fitar da saiwar na koma hanyar da ya kamata in fara da ita. Na kankare ɓawon tas da wuƙa da burushin waya, don ɓawo shi ke fara ruɓewa, duk inda na danna farce ya shige na sassaƙe shi har na kai ga mai tauri. Daga nan sai dafuwa. Na aro babbar tukunyar da ake girkin suna da ita a gidan maƙwabta, na ɗora a murhun gawayi a tsakar gida don iskar gas ta yi tsadar da ba za a dafa icce da ita ba, yara sun kewaye ni suna dariya, wata tsohuwa da ta shigo ta tsaya ta tambayi uwargida a hankali wai ko maganin basir ne maigidan yake haɗawa. Saiwar bata shiga duka ba, sai na dafa rabi awa ɗaya da wani abu na juya ɗaya rabin shima haka. Zaka ga ƙananan kumfa na fitowa daga bakin inda aka yanke, iskar kenan take fita saboda zafi ya kumbura ta. Sirrin da mutane da yawa basu sani ba shi ne lokacin hucewa ne ruwa ke shiga, don haka kar ka cire shi daga tukunya ka ajiye a ƙasa yana tururi, iska zai sake zuƙa. Ka bar shi ya huce a nutse cikin ruwan ko ka tura shi kai tsaye cikin ruwan sanyi. Dafuwar tana kuma kashe duk wani ƙwaro da ƙwai da ke maƙale a ciki. Amma kar a wuce gona da iri a yini ana tafasawa, icce mai laushi sai ya fara saɓulewa. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, to a wannan harka dai icce ake dafawa, dutse kam kar wanda ya ɗora shi a wuta don yana iya fashewa, wanki da burushi ya ishe shi.

Bayan dafuwa sai jiƙo, kuma nan ne haƙurin yake. Na samu duro na roba, na sa saiwar na danne ta da bulo biyu yadda ko yatsa ɗaya bai leƙo waje ba, don duk ɓangaren da ya fito iska to bai fara aiki ba. Ruwan farko kwana biyu ya koma kamar shayi ba madara. Ina zubarwa a gindin shuke-shuke in sake sabo duk bayan kwana biyu ko uku, mai ruwanmu har ya fara tambaya ko baƙi muka yi. A rufe duron dan Allah, sauro baya buƙatar fiye da sati ɗaya zuwa kwana goma daga ƙwai ya tashi, kar garin ƙawata falo ka buɗe wa unguwa gonar zazzaɓi. Duk Juma'a in na dawo masallaci sai in ɗaga bulon in gwada. Satin farko da gudu ta taso. Sati na uku ta taso amma a hankali kamar mai jin kunya. Sati na biyar gindin ya zauna a ƙasa yatsun ne kawai a sama. Sai a sati na bakwai na ɗaga bulo ta tsaya inda take, na zauna a bakin duro ina kallonta kamar wanda aka yi wa albishir.

Wanda ba zai iya jiran sati bakwai ba akwai hanya, kuma ita na bi da icce na biyu. Ka samu guntun tayil na ƙasa ko falalen dutse, ka huda shi da injin huji a hankali kana ɗiga ruwa don kar ya tsage, ka sassaƙe gindin iccen ya zauna daidai, sai ka ɗaure su ta ƙasa da sukuru na sitenles wanda baya tsatsa. Ka ajiye tayil ɗin a ƙasan tanki ka rufe shi da yashi, nauyin yashin ma yana taimakawa, ba mai ganin komai sai icce a tsaye kamar a nan ya tsiro. In babu injin huji, zaren roba na fatsa ko kebul tai suna yi, ka ɗaure iccen da dutse tam ta inda ido baya kaiwa. Sufa gulu shima ana amfani dashi, in ya bushe baya cutar da kifi, ana cusa 'yar auduga tsakanin icce da dutse a ɗiga shi a kai ya kame kamar siminti, sai dai yana zafi har da ɗan hayaƙi lokacin da yake kamawa don haka a kula da yatsa da ido, kuma ƙaramin icce yake riƙewa ba kututture ba. Silikon kuma, wato gam ɗin da ake liƙe gilashi dashi, a duba, wanda ake sawa a banɗaki yawanci akwai maganin hana fumfuna a ciki kuma guba ne ga kifi, sai wanda aka rubuta na tankin kifi ne. Wasu suna huda ramuka a ɓangaren da zai kalli ƙasa don ruwa ya samu hanyar shiga da wuri, yana ɗan taimakawa. Dutsen da za a ɗaura kuma a ɗiga masa ruwan binega ko lemon tsami, in ya yi kumfa to akwai farar ƙasa a jikinsa zai riƙa canza ruwan.

Yanzu maganar da tafi nutsewa muhimmanci, wane icce. Nan ne nake jin tsoro don mu nan icce baya mana wuya, kowane lungu akwai mai faskare. Darbejiya ita ce tafi yawa a garuruwanmu kuma ita mutum zai fara kaiwa hannu, to bishiyar da manoma ke jiƙa ganyenta da 'ya'yanta su yi feshin ƙwari ita zaka jiƙa wa kifi? Aduwa ma haka, ɓawonta yana daga cikin abubuwan da aka daɗe ana bugar da kifi da su a ruwa, kamar dai magimfa. Tumfafiya da duk wani mai farin ƙaro a bar shi. Bishiyar turare ma a'a, akwai mai a jikinta. Katakon kasuwa kuwa kar ma a fara, wanda ake rufi dashi ana shafa masa maganin gara ko baƙin mai. Ɗanyen icce shima a'a, sai wanda ya mutu ya bushe ƙayau. Ni gwaiba na zaɓa don masu wannan kiwo a ƙasashe da dama sun daɗe suna amfani da ita, kuma na tabbata ba a taɓa yi wa tamu feshi ba.

Nauyi kaɗai ba shi ne shaida ba. Na taɓa jefa guntun tsohuwar taɓarya ta ƙirya a bokiti don gwaji, kwana kaɗan ta kwanta, amma ban kai ta wajen kifi ba tunda nutsewa daban lafiyar kifi daban. Duk iccen da kake shakka ka bar shi a waje, kifin nan da kuɗi ka saye su kuma rai ne dasu, amana ce.

Masu shigo da kaya suna kawo na waje. Akwai mopani, mai kala biyu, fari-fari a waje duhu a ciki, daga kudancin Afirka yake fitowa irin su Botswana da Namibiya da Zimbabwe, shi yawanci kana sakawa yake kwanciya saboda tsabar nauyi, abin haushin kawai iccen Afirka ne amma farashin dala ake sayar mana dashi. Akwai wani baƙi-baƙi da ake cewa na Malesiya shima baya gardama sosai. Sai mai siraran rassa kamar ƙafar gizo-gizo wanda yafi kowanne kyau a hoto, to shi duk tsadarsa sai ka jiƙa shi ko ka ɗaure kamar dai gwaibata. Don haka wanda ya saya ya ga ya taso kar ya ce an cuce shi.

Wanda kuma ya tsinto nasa a bakin kogi ko dam, in ya same shi a jiƙe a nutse to ya ci riba, ya nannaɗe shi a leda ya kawo gida a jiƙe, in ka bari iskar hunturu ta buge shi kwana biyu ka koma farko. Amma dole a dafa shi, akwai matsattsaku, akwai 'ya'yan mazari da ke cin ƙananan kifi, akwai ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya mai sa fitsarin jini. Kuma a duba ina ruwan ya biyo, kogin da ya ratsa ta bayan masana'antu ko gonakin da ake feshi ni ko kyauta bana so.

Ruwan shayin da na ambata shima yana tsorata mutane. Ba datti bane, sinadarin tanin ne, irin wanda ke cikin bagaruwa da majema ke jeme fata da ita. Ko bayan an jiƙa zai ci gaba da fita kaɗan-kaɗan na wasu watanni, mopani ma yafi kowa. Baya kashe kifi, yana dai ɗan ƙara wa ruwa tsami. A Burazil akwai kogin da ake kira Riyo Negro, ruwansa baƙi ne kamar shayi mai kauri saboda ganye da itatuwa da ke jiƙe a ciki, kuma daga can ake kamo waɗannan ƙananan kifaye masu ja da shuɗi da ake kira kadinal tetra, su a wajensu wannan ruwan gida ne. Amma masu kiwon kifin tafkin Malawi su basa son ruwa mai tsami, sai su rage icce su yawaita dutse. In kalar ce bata maka ba, canjin ruwa duk sati da gawayin tace ruwa na musamman da ake sawa a filta zasu share ta, ba gawayin girki ba dan Allah, na ga wanda ya daka na murhu ya zuba.

Sai wani farin yauƙi kamar majina da zai lulluɓe iccen a sati na farko ko na biyu a cikin tanki. Ranar da na gan shi gabana ya faɗi na ce shikenan wahalar sati bakwai ta tashi a banza. Ashe ba komai bane, ƙananan halittu ne ke cin ɗan zaƙin da ya rage a jikin iccen, in abincin ya ƙare su ma sai su ɓace. Na goge da tsohon burushin haƙori na zuƙe da tiyo, ya dawo, na sake gogewa, a sati na uku ya tafi da kansa. Abinda za a ji tsoro shi ne wari, in ka ɗago icce kaji yana warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma jikinsa ya yi laushi yana baƙi, fitar dashi kawai.

Malam Edita roƙona shi ne in zaku sake rubutu akan wannan kiwo ku tura wakilinku ya zauna da masu yi a gida ba masu sayarwa kaɗai ba, kuma ku taɓo kifayenmu na gida, don daga kogunan Najeriya ake kwasar kifin ado ana fita dasu Turai ta Legas mu kuma muna nan muna rububin na waje. Ni yanzu wani ɗan ƙurungu ne da na karɓo a hannun masunta ya mallake ƙarƙashin saiwar, da rana baka ganin komai sai gashin bakinsa yana motsi daga cikin rami, sai an kashe fitila yake fitowa sintiri. Uwargidan da ta ce Allah ya kyauta ita ce yanzu ke jan baƙi zuwa falo tana nuna musu tana cewa ai saiwar gwaibar gidan su maigida ce. Tukunyar maƙwabta kuwa sai da na sayi soson ƙarfe biyu kafin jan ya fita, har yau in naje aro sai matar gidan ta tambaya abinci ne ko icce.

Na gode da bani fili.

Naku mai karatu a kullum,
daga Kaduna